NAKIYAR DA BA TA GARA BA: Saƙonmu Ga Masu Neman Ƙuri'armu Kafin A Fara Sharar Gona



Duk wanda ya tashi cikin tsohon garin Sakkwato, in aka ce mashi nakiya, gara ce za ta fara zo mashi a rai: shinkafa da zuma da mai, a daka a cura, a kai gidan ango tare da alkaki da dubulan. Haka muka sani a Ƙofar Atiku, haka aka sani a Ƙofar Rini da Ƙofar Marke. Yau kuwa in ka ji mutumin Tangaza ko na Ɗansadau ya ambaci nakiya, to gyara zamanka, ba zancen biki yake ba. Yana nufin abin fashewar da ake binnewa a ƙasa, a kan hanya ko bakin gona, a bar shi yana jiran ƙafar da za ta taka shi. Ba ya tambayar ko soja ne ko mai tallar fura. Ba ya sanin an yi sulhu ko ba a yi ba.

Kowace shekara, ranar 4 ga Afrilu, Majalisar Ɗinkin Duniya kan tunatar da duniya haɗarin nakiyoyi. A wurinmu ranar tana faɗowa daidai lokacin da manomi ke wasa gatari da fartanya, yana shirin sharar gona kafin ruwan farko. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wagga magana yanzu, kuma mu yi ta da mutanenmu na cikin gida kafin mu yi da kowa. Abin da muke cewa a taƙaice shi ne: duk ɗan takarar da zai zo mana da alƙawarin yaƙi da talauci a karkara, ba tare da shirin tsabtace hanyoyi da gonaki daga abubuwan fashewa da kula da waɗanda suka jikkata ba, alƙawarinsa gurgu ne.

ABIN YA ISO ƘOFAR GIDA

Da can in an ce bam a kan hanya, sai mu ce Allah Ya kyauta wa mutanen Borno. Yanzu ku duba yadda abin ke matsowa.

A watan Fabrairun 2022, nakiya ta tashi da motar jami'an Sibil Difens a Galadiman Kogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, jami'ai huɗu suka rasu. A farkon Disambar 2024, abubuwan fashewa da aka binne suka tashi da motoci a kan hanyar Ɗansadau cikin ƙaramar hukumar Maru ta Zamfara, 'yan sandan jihar suka ɗora laifin a kan Lakurawa. Waɗannan Lakurawan su ne hedikwatar tsaro ta fito ta yi shelar su a Nuwamban 2024, alhali mutanen Tangaza da Gudu sun daɗe da sanin su, kuma a Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Da Babbar Sallar 2025, kafafen labarai suka ruwaito fashewar da ta hallaka mutum shida a ƙauyen Gwabro na Tangaza. Mutanen nan yawon Sallah suka fito.

Akwai kuma ragowar makaman da ke faɗowa daga sama. Bayan harin da Amurka ta kai a yankin Tangaza ranar 25 ga Disambar 2025, gwamnatin tarayya da kanta ta tabbatar cewa tarkacen makamai sun faɗo a Jabo cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Duk inda aka yi ruwan bama-bamai, akwai wanda zai faɗi bai fashe ba, ya kwanta cikin ƙasa yana jiran garma, ko yaro mai kiwo, ko ɗan jari bola da zai ga ƙarfe ya yi murna.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana. A Disambar 2007, lokacin tawayen arewacin ƙasar, nakiya ta tashi da motoci a cikin garin Maraɗi da cikin Tawa, a Janairun 2008 kuma ta kashe wani ɗan jarida a cikin Yamai. Daga Illela zuwa Ƙonni tafiyar minti nawa ce? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu faɗi gaskiya: Sakkwato ba ta kai Borno ba a wannan bala'i, kuma muna roƙon Allah kada ta kai. Amma wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama da wuta, ya san abin da ya kamata ya yi wa nashi.

ME YA HAƊA NAKIYA DA TALAUCI?

A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa. Ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikinsa. A karkara kashi 72 ne, a birane kashi 42. Jihar da ta fi kowace ita ce tamu, da kusan kashi 91 cikin ɗari. Wannan lissafi an yi shi tun kafin a fara binne mana abubuwa a hanya.

To mene ne jarin talakan Sakkwato? Gonarsa, dabbarsa, ƙarfin jikinsa, da hanyar da zai bi ya kai kaya kasuwa. Nakiya guda ɗaya tana iya taɓa duka huɗun.

Ɗauki misalin mai albasa a fadamar Goronyo ko Wurno. Ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ya yi wata huɗu yana wahala. Ranar da aka ce wani abu ya tashi da mota a hanyar garinsu, direbobi za su janye. Wanda ya yarda ya shiga zai ninka kuɗin mota, don ransa ya ɗora a kan sitiyari. Dillalin da ke zuwa daga Sakkwato ko daga kudu zai ce shi kam sai dai a kawo mashi. Albasa kuwa ba ta jira. Ƙarshenta manomi ya sayar a wulaƙance ga wanda ya samu, mu kuma a Kasuwar Shehu Shagari mu saya da tsada. Bam ɗaya ne ya fashe, amma gari goma sun biya kuɗinsa.

Haka gona take. Ba sai an cika ta da nakiya ba. Ya isa a ce an ga 'yan bindiga sun yi sansani kusa da ita, ko an tsinci wani ƙarfe da ba a gane ba. Tsoro kaɗai ya isa ya sa gona ta kwana shekara uku babu shuka. Wanda ya bar gonarsa ina zai je? Birni zai shigo. Ku fita da safe ku dubi bakin masallatai da kangayen gine-gine da shataletale na garin nan, ku ga mata da yara daga Isa da Sabon Birni da Rabah. Da yawansu a garinsu masu rumbu ne, masu ba da zakka.

Akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. A Arewa maso Gabas, saboda ana amfani da wani nau'in takin zamani wajen haɗa bam, hukumomin tsaro suka taƙaita shigar da takin yuriya yankin. Manomin da bai taɓa ganin bam ba ya rasa takin da zai sa wa masararsa. In abin ya yi ƙamari a nan, irin wannan doka tana iya zuwa kanmu, kuma mai shinkafar Kware da Silame ne zai ji a jikinsa.

KU TAMBAYI BORNO

Ƙungiyar MAG, mai aikin nakiyoyi a ƙasashe da dama, ta fitar da rahoto a 2020 kan Borno da Yobe da Adamawa. Daga Janairun 2016 zuwa Agustan 2020 ta lissafa mutum 1,052 da abubuwan fashewa suka kashe ko suka raunata. Waɗanda labarinsu ya iso ga masu rubutu ke nan. Abin kuma bai tsaya ba: a Afrilun 2025 kaɗai, bam ya tashi da motar fasinja a hanyar Maiduguri zuwa Damboa, sannan wani ya hallaka mutum 26 tsakanin Rann da Gamboru Ngala.

Gwamnatin Borno ta rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri tana mayar da mutane garuruwansu. Amma mutum ya koma gida, ya tarar ba zai iya wuce 'yan kilomitoci daga ramin da ya kewaye gari ba, sai ya zama ɗan gudun hijira a mahaifarsa, yana jiran buhun tallafi. Wannan shi ne abin da ke jiran mutanen gabashin Sakkwato in Allah Ya kawo ƙarshen ta'addanci ba mu yi tanadi ba. Ranar da bindiga ta yi shiru, abin da ke cikin ƙasa bai san an daina ba.

In kuna ganin muna zuzutawa, ku tuna yaƙin basasa. An gama shi a Janairun 1970. A Oktoban 2017, bayan shekara 47, gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta kashe naira biliyan 88: biliyan 50 diyyar waɗanda ragowar bama-baman yaƙin suka nakasa, biliyan 38 kuma don kwashe waɗanda suka rage a ƙasa. Waɗanda suka binne su da yawa sun mutu, jikoki ne ke takawa.

ALƘAWARIN DA NIJERIYA TA ƊAUKA

Kada wani ya ce mu muka ƙirƙiro wannan nauyi. A Disambar 1997 ƙasashen duniya suka sa hannu a birnin Ottawa na Kanada kan yarjejeniyar haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane. Nijeriya ta shiga a 2001, ta fara aiki a kanta a Maris 2002. Yarjejeniyar ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin gano wuraren da aka binne nakiya, ta killace su, ta kwashe, ta kuma kula da waɗanda suka jikkata har su koma cikin jama'a da sana'arsu. Bam ɗin gida da ake haɗawa a daji, matuƙar takawar mutum ce ke tayar da shi, yana cikin wannan hukunci.

Saboda rikicin Boko Haram, Nijeriya ta nemi ƙarin lokaci, aka ba ta zuwa 31 ga Disambar 2025. Wa'adin ya zo ya wuce, aiki bai ƙare ba. Sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi ya fara aiki a Maiduguri a 2018, kusan duk ƙwarewa da kayan aiki da kuɗin masu ba da agaji can suka tattaru. Arewa maso Yamma kuwa har yanzu ana yi mata kallon yankin ɓarayin shanu. Wa zai tashi a majalisar tarayya ya ce a faɗaɗa aikin ya iso Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina? Ai wakilan da muka zaɓa ne. To mun ji su?

DARASIN MOZAMBIK

Mozambik ta fito daga yaƙin basasa a 1992 tana cikin ƙasashen da suka fi ko'ina nakiya a duniya, kuma cikin mafiya talauci. A Satumbar 2015 ta yi shelar ta gama kwashe duk filayen nakiyar da aka sani. Shekara ashirin da 'yan kai aka yi ana aiki, da na'ura, da karnuka, har da wasu manyan ɓeraye irin gafiyarmu da aka horar suna sunsuno abin fashewa.

Daga baya wasu masana tattalin arziki uku, Chiovelli da Michalopoulos da Papaioannou, suka bi diddigin abin da aikin ya haifar, suna auna yadda hasken wuta da dare ya ƙaru a gundumomin ƙasar ta hotunan tauraron ɗan'adam. Abin da suka gano ya shafe mu kai tsaye: ribar da ta fi girma ta fito ne daga buɗe hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni, har gundumomin da ba a taɓa binne musu komai ba suka amfana. Sun kuma nuna cewa da an tsara aikin tun farko bisa muhimmancin hanyoyi, da ribar ta fi haka nesa.

Ma'ana, in kuɗi kaɗan ne, a fara da hanyar kasuwa. A wurinmu kowa ya san su: hanyar da ta bi Achida da Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa, hanyar Tangaza zuwa Balle, hanyar Kware da Gwadabawa zuwa Illela, da ƙananan hanyoyin da ke kawo kaya cikinsu. Kambodiya ma, da ta ga nakiya ce ke riƙe da ƙafar manomanta, sai ta ƙara kwashe nakiyoyi a matsayin buri na 18 a kan muradun ci gaba 17 da duniya ta amince da su. Ta ɗauke shi aikin raya ƙasa, ta sa shi cikin tsarin kasafinta.

YADDA AIKIN YAKE

Mutane da yawa sun ɗauka soja ya wuce da motarsa shi ke nan hanya ta tsarkaka. Soja yana buɗe hanya ne don ayarinsa ya wuce yau. Tsabtace ƙasa don farar hula wani aiki ne daban, mai matakai.

Ana farawa da tambaya. Ma'aikata su zauna da hakimi da mai gari da limami da mafarauta da makiyaya da mata masu itace: ina aka taɓa jin fashewa, ina dabba ta mutu, wace hanya aka daina bi? Daga nan a zana taswira, a sa alama a wuraren da ake zargi, a sanar da kowa ma'anar alamar. Sai ƙwararru su shiga da na'urar gano ƙarfe, taku bayan taku, su lalata abin da suka samu. A ƙarshe a miƙa wa jama'a filin a gaban shaidu, a rubuce. Sau da yawa binciken farko kaɗai yana 'yanta fili mai yawa, don sai a tarar tsoro ne ya rufe shi, babu komai a ciki.

An daɗe ana kawo ƙiyasin cewa nakiyar da aka haɗa da dala 3 tana iya cin har dala 1,000 kafin a cire ta. Shi ya sa mataki mafi arha shi ne ilimi. Yaro ya san in ya ga waya ta leƙo daga ƙasa, ko jarka a binne, ko sabuwar ƙasa a tsakiyar hanya, ko ƙarfen da bai sani ba: kada ya taɓa, kada ya jefe shi, kada ya ƙona, ya koma ta sawun da ya zo, ya gaya wa manya su kira jami'an tsaro. Wannan darasi ba ya buƙatar kwangilar biliyan. Rediyon Rima da mumbarin Juma'a da makarantun allo da na boko sun isa su kai shi kowane gida.

WANDA YA RASA ƘAFA FA?

Nan ne muka fi jin kunya. Abin da muka iya shi ne ziyarar asibiti da kyamara, a ajiye ambulan a gefen gado, a ɗauki hoto, a sa a Facebook. Bayan sati biyu ba mai sake tambaya.

Wanda nakiya ta tashi da shi, jini ne ke fara kashe shi kafin a iso asibiti. Daga Gudu ko Isa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tafiya ce mai nisa a kan hanya marar kyau. In babu wanda ya iya ɗaure rauni ya tsayar da jini a ƙauyen, in babu jini a ajiye a babban asibitin ƙaramar hukuma, gawa za a kawo. In ya rayu, sai tiyata, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Iyali su sayar da akuya, su sayar da sa, su jinginar da gona. Sannan ƙafar roba, wadda ba sau ɗaya ake yin ta ba: babba yana buƙatar sabuwa bayan 'yan shekaru, yaro mai girma kuwa kusan kowace shekara. Ga firgita da rashin barci da ba a gani da ido. Ga matar da aka bari da marayu. Ga ɗiyan da aka cire daga makaranta don su yi jagora wurin bara.

Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta tallafa wa sashen ƙafafun roba a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ta kuma taimaka aka buɗe cibiya a asibitin koyarwa na Maiduguri a 2020. Mu muna da Asibitin Ƙashi na Wamakko. Me zai hana a ƙarfafa shi ya zama cibiyar da mutumin Sakkwato da Kebbi da Zamfara zai samu ƙafa da gyaranta da gashin ƙashi ba sai ya kwana a tashar Kano ba? Kuma duk abin da aka gina don wanda bam ya raunata, zai amfani wanda 'yan bindiga suka harba, da wanda ya yi haɗarin babur, da mai ciwon suga da aka yanke wa ƙafa.

Doka ma tana nan. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Jihar nan ta taɓa yin suna wajen biyan nakasassu alawus na naira 6,500 duk wata. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi, muna da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Tubalan suna nan, mai ginin ne babu.

ABIN DA MUKE NEMA

Ga sharuɗɗanmu ga duk mai neman tutar jam'iyyarmu a 2027, daga ɗan majalisar jiha har gwamna. A rubuce muke son su cikin manufofinsa.

Na ɗaya, rajista guda ta jiha da za a riƙa rubuta kowace fashewa da kowane abin da aka tsinta: wuri, rana, da waɗanda abin ya shafa. Abin da ba a ƙirga ba, ba a yi mashi kasafi.

Na biyu, wayar da kai cikin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci kafin kowace damina, a haɗa da direbobi da 'yan kabu-kabu da masu sayen tsohon ƙarfe.

Na uku, jiha ta tallafa wa sashen 'yan sanda masu kwance bam da motoci da na'urori, a ajiye tawaga a gabas da kuma yankin Tangaza, da lambar waya ɗaya da kowa ya sani. Dakarun tsaron al'umma da jiha ta kafa a 2024 a koya musu gane alama da killace wuri da tsayar da jini. Kwance bam kuwa a bar wa masu shi.

Na huɗu, layi na musamman a kasafin kuɗi don waɗanda suka jikkata: magani kyauta, ƙafar roba da sauyinta, karatun 'ya'yansu, da jarin sana'ar da mutum zai iya da jikin da ya rage mashi.

Na biyar, wakilanmu na Abuja su matsa a shigar da Arewa maso Yamma cikin shirin ƙasa na kawar da nakiyoyi, kuma Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024 ta ware kaso don haka. Duk kwangilar hanyar karkara ko madatsar ruwa a yankin da aka yi rikici, a fara da binciken ƙasa kafin a kai lebura.

GA MASU CEWA...

Mun san abin da za a rubuta a ƙasan wanga rubutu. Wasu za su ce muna tsorata jama'a. Jama'a sun riga sun tsorata, ranka ya daɗe, abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu abin yi. Wasu za su ce tsaro aikin tarayya ne. Gaskiya ne, soja da ɗan sanda na Abuja ne. Asibitin jiha fa? Makarantar firamare fa? Gidan rediyon jiha fa? Wasu za su ce babu kuɗi. A lissafa abin da ake kashewa a taron siyasa guda, da hayar motoci da rumfuna da atamfa mai hoto, a gaya mana ƙafar roba nawa zai saya.

'Yan uwanmu na ɗaya ɓangaren kuma za su ce neman suna muke. To bismillah, ku ƙwace mana sunan. Ku riga mu kai ƙudurin majalisa, wallahi mu za mu fara yi muku tafi a wanga shafi. Mu ma ba mu wanke kanmu ba: shekara nawa muka yi muna gardamar wa zai riƙe shugabancin mazaɓa, ba mu taɓa zama sau ɗaya kan wannan ba? Rabon shinkafa da babura da keken ɗinki yana da daɗi ranar da aka yi shi. Amma babur ɗin da ka ba saurayi, a kan wace hanya zai hau shi?

Wannan ƙofa da muke zaune a bakinta sunan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku take ɗauke da shi. Yayansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya so ƙasa ta zauna, ribaɗi ya kafa a bakin iyaka irin su Wurno, ya zaunar da mutane su yi noma da sana'a cikin aminci. Magabatanmu sun san tsaron gona da cikar rumbu tare suke tafiya. Malamanmu kuma tun muna yara suke karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma yanki ne na imani. In ƙaya da dutse sun samu wannan matsayi, ina ga abin da ke raba mutum da ƙafarsa?

Don haka ɗan uwa, in ɗan takara ya zo mazaɓarku neman goyon baya, bayan an gama gaisuwa da kirari, ka ɗaga hannu ka tambaye shi: Alhaji, mene ne shirinka kan abubuwan da ake binnewa a hanyoyinmu, kuma me ka tanadar wa wanda ya rasa ƙafa? In ya amsa, ka rubuta ka ajiye. In ya yi dariya ya miƙo maka ambulan, ka san matsayinka a wurinsa.

Kai kuma da ke da dangi a ƙauye, kira su yau kafin su fita sharar gona. Ka gaya musu abin da ba su gane ba kada su taɓa. Ka tura wanga rubutu ga na kusa da kai, a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Daga Ƙofar Atiku, Sakkwato.